Yadda Muka Auna Littattafan Sujadar Safe Kafin Mu Saya

Da zarar Nuwamba ta kama, sanyin hunturu ya fara shigowa, littattafan sujadar safe na shekara mai zuwa sukan cika ƙofofin majami'u a Kaduna. Daga Sabon Tasha zuwa Narayi, Barnawa da Kakuri, ana tashi sujada za ka tarar an baza su a kan tebur kusa da Littafin Waƙoƙi da kalandar sabuwar shekara. Wasu daga Jos suke zuwa, wasu daga Legas, wasu daga Amurka, wasu kuma ba a ma buga su a takarda, a WhatsApp suke faɗo wa mutum tun kafin asuba. Siffarsu kusan ɗaya ce: kwanan wata, aya a sama, bayani na shafi guda, sai addu'a a ƙasa.

A ikilisiyarmu wani ɗan'uwa ya yi alkawarin kuɗin da za a saya wa kowane gida littafi guda, domin iyalai su riƙa karanta abu ɗaya da safe. Dattawa suka ce ba za a saya da ka ba, sai an duba. Suka kafa ƙaramin kwamiti: Baba Fasto mai ritaya, wanda ya yi karatun tauhidi a Kagoro tun muna yara, da Mama shugabar Zumuntar Mata, da wani saurayi daga ƙungiyar matasa, sai ni, saboda ni ke koyar da ajin manya a makarantar Lahadi. Umarnin da aka ba mu gajere ne: ku nemo mana wanda ya fi shiga cikin Maganar Allah.

Aka yi sanarwa cewa duk mai irin wannan littafi a gida, sabo ko tsoho, ya ara mana. Mutane suka kawo fiye da yadda muka zata. Akwai Abincin Yini na Hausa, akwai na ƙungiyar Scripture Union, akwai Our Daily Bread da ake bugawa a Amurka tun 1956, akwai na manyan fastocin ƙasar nan da kowa ya san hotunansu, akwai kuma tsofaffin littattafan Turawa da bangonsu ya rabu da jikinsu. Ba zan kama sunan waɗanda muka ajiye gefe ba. Masu karanta su 'yan'uwanmu ne, benci ɗaya muke zama da su ranar Lahadi.

Tun kafin mu karanta layi ɗaya, littattafan da kansu sun gaya mana wani abu. Mama ce ta lura. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi ta gefen takardu, ta nuna mana: wajen Janairu da Fabrairu ya yi baƙi da dattin hannu, har da ɗigon manja a wani shafi da rubutun biro a gefe, amma daga wajen Afirilu zuwa ƙarshe fari fat, wasu takardun ma a manne suke da juna. Muka duba sauran, yawancinsu haka. Wannan ya sa muka ce ba za mu auna kowane littafi da makon farko na shekara ba, domin a nan marubuci yake zuba duk ƙarfinsa. Muka zaɓi kwanaki iri ɗaya a kowane littafi: mako guda a tsakiyar damina, mako guda a Oktoba, da makon Ista.

Baba Fasto ne ya kafa dokar da ta zama ginshiƙin aikin. Ya ce ba wanda zai karanta bayanin marubuci sai mun fara buɗe Littafi Mai Tsarki mun karanta surar da aka ɗauko ayar daga cikinta, daga farko har ƙarshe, da babbar murya. Saurayin ya ce, "Baba, ai haka zai ja mana lokaci." Baba ya ce, "Ɗana, Bulus bai rubuta aya ba, wasiƙa ya rubuta." Sai ya bayyana mana cewa rabon surori da muke amfani da shi a ƙarni na 13 aka yi shi, ana danganta shi da Stephen Langton na Ingila, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su. An yi su ne don a sami wuri da sauri. Masu bi na farko a Filibi ko Koranti zama suke yi a karanta musu wasiƙar gaba ɗaya.

Inda dokar ta fara nuna amfaninta shi ne Irmiya 29:11, ayar da ke cewa Ubangiji ya san shirin da yake da shi domin mutanensa, shirin alheri ba na masifa ba. Wannan aya ba gidan da ba ta shiga ba. Tana kan kalanda, tana bayan Keke Napep, tana kan katin aure. Mun same ta a littattafai da dama cikin waɗanda aka kawo, don haka muka jera su gefe da gefe.

Da muka karanta surar, ga abin da ke ciki. Wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila. Ya ce musu su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, su yi masa addu'a. Ya gargaɗe su kada su saurari annabawan da ke cikinsu masu yi musu mafarkin ƙarya. Aya ta 10, wadda take daf da wadda kowa ya haddace, ta ce sai shekara 70 sun cika kafin a komo da su. Baba ya sa muka koma sura ta 28, inda wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara 2 za a karya karkiyar Babila, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban jama'a. A shekarar nan ya mutu. Wato yawancin waɗanda suka fara jin alkawarin nan na aya ta 11 a Babila aka binne su. Jikokinsu ne suka ga cikarsa.

Sa'an nan muka koma kan littattafan. Ɗaya ya ce wannan wata ne watanka, takardar aikin da kake jira tana hanya, ka furta sau bakwai. Babu Babila, babu shekara 70, babu Irmiya ma in ban da sunansa a sama. Mama ta ajiye tabarau ta ce, "Wannan ai maganar Hananiya ce aka rubuta a ƙarƙashin ayar Irmiya." Ba wanda ya ƙara komai a kai. Wani littafin kuma ya ba da labari mai daɗi na wata mata da ta rasa jirgi ta kuma gane daga baya cewa alheri ne, labarin ba laifi, amma da an sa masa wata aya dabam, da ba abin da zai canja. Na uku, wanda bangonsa ya fi kowanne rashin kyau, ya ce a karanta daga aya ta 1 zuwa ta 14, ya yi bayani kaɗan a kan su wa aka rubuta wa, sai ya yi tambaya: wane wuri ne kake zaune a ciki ba da sonka ba, kuma ka taɓa yi masa addu'a? Duk wanda ya bar unguwarsa ya ƙetare kogin Kaduna bayan rikicin 2000 ya san nauyin wannan tambaya.

Daga nan muka sami gwajin da muka riƙa yi wa kowane shafi. Ka sa yatsa ka rufe ayar da ke sama, ka karanta sauran. In shafin ya tsaya da ƙafarsa ba tare da ya nemi ayar ba, to ba daga cikinta ya fito ba. A shafuka da yawa aya kamar sallama ce a ƙofar gida: an yi ta, an shige ciki, ba a sake waiwayarta.

Sauran ayoyin da aka saba ji ba su ɗauke mu lokaci ba. Filibiyawa 4:13, iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa mu, an ɗora ta a kan jarrabawa da kasuwanci, alhali Bulus yana ɗaure ne yana maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Maimaitawar Shari'a 28:13, zama kai ba wutsiya ba, ana ɗauko ta ba tare da sharaɗin biyayya da ke manne da ita ba, ba a kuma faɗi cewa albarkun surar ayoyi 14 ne, la'anonin kuwa sun kama daga aya ta 15 har ta 68.

Saurayin nan, wanda da farko yake ganin muna ɓata lokaci, shi ya kawo mataki na biyu. Ya sayo littafin rubutu na 'yan makaranta, ya jera sunayen littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki a gefen hagu, ya ja layi domin kowane littafin sujada, ya bi shekara guda shafi bayan shafi yana sa ɗigo a inda aka ɗauko ayar ranar. Aikin haƙuri ne, ya kuma yi shi da fitilar waya a daren da ba wuta. Da ya kawo, ba sai an yi bayani ba. Zabura, Ishaya, Karin Magana, Yahaya, Romawa da Filibiyawa sun cika da ɗigo har ba wurin sa wani. Littafin Firistoci, Mahukunta, Nahum, Obadiya, Amos, fili ne kawai a yawancin layukan. Makoki yana da ɗigo, amma da muka duba, kusan duka a wuri ɗaya suke, sura ta 3 aya ta 22 da 23, inda aka ce jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya. Surori biyar na kukan birnin da aka rushe, an tsallake su an ɗauki ayoyi biyu masu daɗi.

A cikin Zabura ma haka. Ta 23, ta 91 da ta 121 suna ko'ina. Ta 88, wadda ta fara da kuka ta kuma ƙare da duhu ba tare da an share wa mai waƙar hawaye ba, da ƙyar muka gan ta. Wannan ya dame ni fiye da kome a cikin aikin. Muna cikin garin da iyaye suka kwana a ƙofar makaranta bayan an sace ɗaliban Bethel Baptist a 2021. A majami'armu akwai waɗanda suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa, akwai dattawan da masaƙun Kakuri suka rufe a kansu ba su sake samun aikin albashi ba. Littafin da zai bi mutum kwana 365 bai ba shi ko safiya ɗaya da zai yi kuka a gaban Allah da kalmomin da Allah da kansa ya sa aka rubuta ba, a ganina ya rage masa wani abu da yake hakkinsa. Habakuk 3:17-18 tana nan, inda annabin ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Ubangiji. Irin wannan bangaskiya ce mutanenmu suke rayuwa da ita, amma ba ita ake sayar musu ba. Baba ya ƙara da tunasar da mu cewa a Matiyu sura ta 4 Iblis ma Zabura ta 91 ya jawo wa Yesu a kan Haikali. Jawo aya kaɗai ba ya nuna kome.

Har zuwa nan aikin yana tafiya sumul, muna ganin mun sami ma'auni. Tsofaffin littattafan ne suka rikita mana lissafi.

Akwai na Charles Spurgeon, mai wa'azin Landan, wanda karatunsa na safe ya fito a 1865, na yamma a 1868. Akwai na Oswald Chambers, wanda ya rasu a Masar a 1917 yana hidima a cikin sojoji, matarsa ce ta tattara koyarwarsa daga abin da ta rubuta lokacin da yake magana, aka buga a 1927. Dukansu biyu sukan ɗauki rabin aya, wani lokaci kalmomi kaɗan, su gina shafi a kai. Spurgeon yakan ɗauko layi daga Waƙar Waƙoƙi ya tafi da shi kai tsaye zuwa ga Almasihu da ikilisiya. In gwajin yatsa kaɗai za a bi, a ranaku da dama su ma sun faɗi. Amma ba mai karanta su da zai ce ba su da zurfi. Kowane layi nasu yana ɗauke da wani nassi ko da ba a sa lambarsa ba, suna maganar zunubi da sunansa, suna kai mutum gindin gicciye, ba sa barinsa ya tashi yana jin shi ne tsakiyar labarin.

Dole muka ƙara tambayoyi. Wa ake magana a kansa a wannan shafi, Allah ko ni? In mutum ya bi littafin wata guda, zai ji an kira shi ga tuba ko sau ɗaya? Makon Ista ya taimaka ƙwarai a nan. Wani littafi ya kai ranar Jumma'a ta mutuwar Ubangiji yana maganar buɗewar ƙofofin arziki. Wani kuma ya bi Luka daga ɗakin jibi zuwa Getsamani zuwa Golgota, ya ƙare a hanyar Imuwasu inda Yesu ya bi ta littattafan Musa da annabawa yana nuna abin da aka rubuta a kansa. Duk da haka ba mu sa Spurgeon da Chambers cikin waɗanda za a saya ba. Turancinsu ya yi wa yawancin gidajenmu nauyi, kuma ba littattafan da za a karanta wa yara kafin a tafi makaranta ba ne. Mun ba da shawara a ajiye su a ofishin fasto domin masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi.

Akwai ɗaya da muka yi gardama a kansa sosai, na wata Ba'amurkiya, wanda ya fito a 2004. An rubuta shi kamar Yesu ne da kansa yake yi wa mai karatu magana, ayoyin kuwa a ƙasan shafi. Saurayin ya ce matasa suna ƙaunarsa domin yana sa su ji kusa da Ubangiji. Baba ya ce abin da ke ciki bai dame shi kamar siffarsa ba: sabon mai bi ba zai iya raba inda Yesu ya yi magana da inda marubuciya ta sa masa magana a baki ba. Ni ina bayan Baba a wannan, har yanzu.

Mama ce ta taka mana birki lokacin da muka fara jin daɗin yanke hukunci. Littafin nan da ta ce maganar Hananiya ce, wata gwauruwa ce a Zumuntar Mata ta kawo shi, kuma shi kaɗai ne cikin tarin da aka karanta har Disamba. Mama ta ce da ni, "Malam, kai da Baba kuna da karatu. Matar nan a shekarar da ta binne mijinta, wannan littafin ne ya tashe ta kowace safiya ya sa ta buɗe baki ta yi addu'a. Za ka je ka ce mata shirme take karantawa?" Na ce ba zan je ba. Ban kuma canja ra'ayina a kan littafin ba. Allah yana iya ciyar da mutum da abin da ya samu a hannunsa, wannan tsakaninsa da ita ne. Amma abin da ikilisiya za ta saya da kuɗinta ta sa a hannun kowane gida, ta ce ga abin da muka amince da shi, wannan nauyi ne a wuyanmu. Muka yarda cewa rahotonmu zai faɗi abin da muka zaɓa da dalilinsa, ba zai hana kowa abin da yake karantawa ba.

Mataki na ƙarshe shi ne fitar da littattafan da suka rage daga ɗakin taro zuwa gidaje. Kowannenmu ya ɗauki biyu ya yi sujadar safe da su tare da iyalinsa, muna lura da abu ɗaya: a cikin minti goma sha biyar ɗin nan, an buɗe Littafi Mai Tsarki ko ba a buɗe ba? A gidana, da littafin da ya buga ayar a saman shafi, ba wanda ya taɓa Littafi Mai Tsarki, yana kan talabijin har aka ce amin. Da wanda ya ba da lambar sura da ayoyi kawai, dole 'yata ta tashi ta ɗauko, ta yi ta neman Amos tana wuce shi, ƙaninta yana mata dariya. Da ta karanta inda annabin yake tsawata wa masu rage mudu da masu sayar da matalauci a bakin takalmi, yaron ya tambaya ko da masu awo a kasuwa ake. Mun makara fita a ranar.

Sai maganar harshe, wadda ba ƙarama ba ce a wurinmu. Ikilisiyarmu ta haɗa Bajju, Atyap, Gbagyi, Adara, Ham da Hausawa, Hausa ce kuma ta haɗa mu a sujada. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, kuma da shi iyayenmu da yawa suka koyi karatu. Amma yawancin littattafan sujadar da aka kawo mana na Turanci ne. Duk zurfin littafi, in kaka ba za ta iya bin sa ba sai jika ya fassara mata a gurguje, rabin gidan ne kawai ya yi sujada.

Rahoton da muka kai wa dattawa shafi biyu ne. Mun ba da shawarar a sayi iri biyu: na Hausa domin gidajen da Hausa ce harshen addu'arsu, da na Turanci mai bin littafi bayan littafi yana ba da ayoyi goma zuwa ashirin a rana. Mun faɗa a fili cewa ko waɗannan biyun ba kowace rana suke gamsarwa ba, akwai shafukan da aka rubuta a gajiye. Don haka muka roƙa a buga 'yar takarda a manna a cikin bangon kowanne, mai ɗauke da abu uku: a karanta surar duka kafin bayanin, a tambayi wa aka fara rubuta wa, a tambayi abin da wurin ya nuna game da Allah kafin a tambayi abin da ya ce game da mu. Baba ya so a haɗa da jadawalin karatu na 1842 na wani fasto ɗan Scotland, Robert Murray M'Cheyne, mai kai mutum ƙarshen Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu a shekara. Mama ta ce sura huɗu a rana ga macen da za ta ɗora ruwa ta shirya yara kafin ƙarfe bakwai, wannan sai dai a ba masu so. Aka bar shi a haka, za a ajiye kwafi a ƙofar majami'a.

Wani dattijo bai gamsu ba. Ya ce littafin da muka ajiye gefe shi ne wanda ake karantawa a gidan rediyo, shi mutane suka sani, kuma mai shi bawan Allah ne da Allah yake amfani da shi. Baba Fasto ya ce ba mutumin muka auna ba, shafukan muka auna, ya miƙa masa littafin rubutun saurayin nan mai ɗigo-ɗigo. Dattijon ya duba, ya mayar, ya ce shi dai zai ci gaba da sayen nasa. Aka ce ba laifi.

Da ma'aji ya buga lissafi, kuɗin bai kai kowane gida ba, domin farashin takarda ya tashi tun lokacin da aka yi alkawarin. Aka yanke cewa za a fara da gwauraye da sababbin ma'aurata da waɗanda aka yi wa baftisma a shekarar, sauran su cika rabin kuɗin. Mama ta sa aka rubuta a cikin bayanin taro cewa a tambayi masu sayarwa ko akwai na Hausa mai manyan baƙaƙe, domin rabin matan da ke zuwa zumunta ba sa ganin ƙananan.